Tambaya da Amsa: Me ya sa 19 da 28 suka ba ni 41 a NES?

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta wasa da harshen furosesar 6502. Na sa umarnin SED, na tara $19 da $28, sai na'urar wasa ta Atari 2600 ta ba ni $47 daidai, amma na'urar wasa ta NES ta ba ni $41. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, lissafinka lafiya lau yake, NES ce ba ta jin wannan umarnin. Alamar $ a nan ba ta dala ba ce, tana nufin an rubuta lambar da tsarin ƙirga na goma sha shida (hex), inda $19 take 25, $28 kuma 40. Bari mu fara da abin da SED ke yi.

A 6502, wadda kamfanin MOS Technology ya fitar a 1975, bayit ɗaya bit takwas ne. Idan ka kunna tutar D (alamar da ke sa furosesar ta yi lissafi da tsarin goma) da SED, furosesar tana raba bayit ɗin gida biyu, kowane bit huɗu su riƙe lamba ɗaya daga 0 zuwa 9. Wannan tsarin shi ake kira BCD. To $19 ba 25 ba ce kuma, sha tara ce kamar yadda ido ya gan ta.

Bit huɗu suna iya ƙirga har 15, mu kuwa a 9 muke tsayawa, saura gurbi shida ke nan a banza. Don haka duk sa'ad da jimillar gida ɗaya ta haura 9, sai a ƙara mata 6 ta tsallake guraben. A naka misalin, 9 da 8 sun ba da 17, wato $11. A ƙara 6 ya zama $17, a rubuta 7 a riƙe 1, kamar dai lissafin firamare. Sai 1 da 2 da ɗayan da aka riƙe su ba da 4. Ga $47 ɗinka.

Amfaninsa a wasa babba ne, domin 6502 ba ta da umarnin rabawa, kuma Atari 2600 bayit 128 kacal gare ta na RAM. Makin ɗan wasa mai lamba shida yana shiga bayit uku, a zana shi a allo ba tare da wahalar raba shi da goma ba.

Ita kuwa furosesar Ricoh 2A03 da ke cikin NES (na'urar da ta fara fitowa a Japan da sunan Famicom a 1983), an kashe mata wannan sashen. Tutar D tana kunnuwa, amma ADC da SBC, umarnin tarawa da na debewa, ba ruwansu da ita. Shi ya sa ta tara 25 da 40 ta ba ka 65, wato $41. Shawarata, ka ba kowace lambar maki bayit nata, in ta kai 10 ka cire goman ka ƙara 1 a ta gaba.

Ko a Atari ɗin ma ka yi hattara. ADC da SBC kaɗai yanayin ya shafa, INC, umarnin ƙara ɗaya, zai mayar da $09 ya zama $0A maimakon $10. Kuma tutar C, mai nuna an riƙe ɗaya, kawai za ka amince wa: tara $99 da $01 yana ba da $00, amma tutar Z, mai nuna sakamako sifili ne, ba ta kunnuwa, don ita sakamakon binari take dubawa, $9A. Sai a 65C02, samfurin 6502 da ya biyo baya, aka gyara wannan. Da ka gama tara maki ka sa CLD nan take don kashe tutar D, in ba haka ba lissafin adireshi na gaba zai rikice maka.