Ko aikin likita ya cancanci wahalarsa?

Ƙanena, ka tambaya ko aikin likita ya cancanci shekarun da zai ci maka. Ya cancanta, amma ga wanda ya san nauyin kayan kafin ya ɗauka.

A yawancin ƙasashe digirin likita shekara 5 ko 6 ne, sai wajen shekara 1 ta koyon aiki ƙarƙashin manya, sannan ƙwarewa a fanni ɗaya ta ƙara shekara 3 zuwa 7. Sa'o'inka za su riga ka tsayawa da ƙafafunsu, wannan ba makawa.

Abin da ya fi karya matasan likitoci shi ne kwanan aiki. Ƙarfe 3 na dare, ido ya yi nauyi, ga jariri yana shiɗewa, dole a auna masa magani daidai da nauyin jikinsa. Ɗigon da ke tsakanin lambobi ya goce a lissafi, awon ya ninka sau 10. Rashin barci na jawo irin wannan, shi ya sa tun 2003 Amurka ta ƙayyade awa 80 a mako ga masu neman ƙwarewa.

Saboda haka ka tsaya sosai wajen zaɓen fanni. Tiyata da karɓar haihuwa kiran dare ne ba ƙaƙƙautawa, fannin fata kuwa ya fi barin mutum ya kwana gida. Kafin ka yanke shawara, nemi izinin bin wani likita zagayen majinyata na mako 2, har da dare ɗaya, ka ga yadda yake zaunar da dangi ya gaya musu nasu ya rasu.