Yadda za mu haɗa injin leza da kwamfutocin shago

Yarona, na ga saƙonka bayan na dawo daga sallar isha'i. Ka ce: "Oga, tunda yanzu kwamfutoci uku ne a shago, me zai hana mu haɗa su duka da injin leza ta wayfai, mu huta da yawo da filasha da kebul ɗin USB da kullum yake yankewa? Na gwada jiya, manhajar LightBurn ta ce ba ta ga inji ba." Na ji daɗi da ka fara gwadawa kafin ka tambaya. Za a haɗa, in sha Allahu, amma shi injin da waya za mu ɗaure shi, ba da iska ba.

Ƙwaƙwalwar da ke cikin injinmu na yanka da zane da leza Ruida ce, RDC6445G, ƙirar birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Ita ba ta da wayfai a jikinta, shi ya sa kwamfutarka ta yi ta lalube ba ta ga kowa ba. In ka duƙa gefen injin za ka ga ramuka uku: na filasha, na USB, da wani mai ɗan faɗi irin na kebul ɗin intanet. Wannan na ukun shi muke nema. USB ba ya son ya wuce mita 5, kuma wutar da ke kunna kwalbar leza mai ƙarfi ce ƙwarai, hayaniyarta tana shiga kebul ɗin ta rikita saƙo, musamman in wayar ƙasa ta injin ba ta kamu da kyau ba. Kebul ɗin intanet irin Cat6 kuwa yana kai mita 100 lafiya lau, kuma wayoyin cikinsa a murɗe suke bibbiyu don su jure irin wannan hayaniya.

Inda yawancin mutane suke faɗuwa shi ne adireshi, don haka ka nutsu a nan. Duk na'urar da ta hau rauta, wato akwatin da ke haɗa na'urorin shago ya raba musu intanet, sai tana da adireshin IP, lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakani. Wayarka da kwamfutarka su rauta ce take raba musu da kanta, ba ka ma sanin an yi. Ruida ba ta roƙon adireshi a wurin kowa, wanda aka rubuta mata da hannu shi take riƙewa, kuma daga masana'anta tana zuwa da 192.168.1.100. Ka ɗauki kashi ukun farko a matsayin sunan unguwa, na ƙarshen kuma lambar gida. In kwamfutarka tana 192.168.8.5, inji yana 192.168.1.100, to ɗaya yana Fagge ɗaya yana Gwale, ko da kebul ɗaya ya haɗa su ba za su ji kiran juna ba. Ka buɗe baƙin allon umarni na Windows, wato Command Prompt, ka rubuta ipconfig, zai nuna maka unguwar da rautarmu take. Sai ka je allon maɓallan injin, ka shiga Menu, ka nemi wurin saita IP, ka mai da shi unguwa ɗaya da kwamfutocin, lambar gida kawai za ta bambanta.

Ita ma lambar gidan ba a zaɓenta da ka. Shekarun baya, lokacin da na fara wannan haɗin, na bar injin a kan 100 ɗin da ya zo da ita, ashe ita ma rautar daga 100 take fara rabon adireshi. Ana cikin aikin allunan karramawa na wani bikin yaye ɗalibai, akirilik mai kaurin milimita 5, mai aikin ya zo ya zauna a benci yana jira, ya nemi lambar wayfai na ba shi. Wayarsa na hawa, rauta ta miƙa mata 100. Na danna tura fayil, layin ya tafi rabi ya tsaya cik. Na cire kebul na hure ƙura, na sake matse kansa, har sabo na aika aka sayo. Da mutumin ya fita sallar la'asar komai ya dawo daidai, yana dawowa abin ya sake tsayawa. Sai a nan na gane gida ɗaya na ba mutum biyu. Tun daga ranar nake shiga saitin rauta in duba daga ina zuwa ina take rabo, in ajiye injin a wajen wannan iyaka. In rabonta daga 100 zuwa 199 ne, ka ba injin 50 ko 220. Ka rubuta lambar da alƙalamin maka a kan salatif ka manna a jikin injin, kusa da ramin.

Kafin ka taɓa LightBurn ko RDWorks, manhajojin tura zane zuwa inji, ka fara sallama da injin. A baƙin allon nan rubuta ping, ka bar tazara, ka sa adireshinsa. In amsa ta dawo sau huɗu, hanya a buɗe take. In ba ta dawo ba, kada ka wahalar da manhaja, matsalar tana kebul ko adireshi. Duba ko 'yar fitilar ramin rauta tana ƙiftawa. In ping ya amsa amma manhaja ta ce babu inji, katangar tsaron Windows ce ta tare. Ruida tana karɓar saƙo ta ƙofa mai lamba 50200, tana mayar da amsa ta 40200, sai ka ba manhajar izini a katangar. Kada ka kashe katangar gaba ɗaya kamar yadda wasu suke yi, kwamfutar da kowa yake soka mata filasharsa ba a barin ta tsirara.

To me ya sa na ƙi wayfai? Hanyar da Ruida take magana da ita sunanta UDP. Ana yanka fayil ƙulli-ƙulli a yi ta aikawa, kuma hanyar ba ta lamunce cewa kowane ƙulli zai isa ba. Kamar ka ba yaron mota saƙo ne a tashar Unguwa Uku ba ka karɓi lambarsa ba. A cikin waya da wuya wani abu ya ɓata. A iska kuwa, ga bangon siminti, ga ƙarfen injin, ga wayoyin maƙwabta, ƙulli ɗaya ya faɗi babban fayil ya lalace, kuma zanen hoto a kan katako shi ya fi nuna wannan aibin saboda nauyinsa. Masu LightBurn sun san da haka, har suka fito da wani haɗi mai suna LightBurn Bridge a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi don masu dole sai wayfai. Mu ba dole a kanmu. Daga teburin zane zuwa injin bai kai mita 20 ba.

Yanzu abin da ya fi damuna a tambayarka, maganar kwamfutoci uku. Dukkansu za su iya ganin injin, amma shi kunne ɗaya gare shi. In biyu suka yi masa magana lokaci guda, aikin duka biyun yana iya rikicewa. Don haka mai turawa ya ɗaga murya ya ce zai tura, sauran su dakata. Kuma daga kwamfuta maɓallin Send kaɗai na yarda a danna, wanda yake ajiye fayil a cikin ƙwaƙwalwar inji. Start ba a danna shi daga kujera. Ka taso ka zo gaban injin, ka tabbatar na'urar sanyaya ruwa tana aiki, fankar jan hayaƙi tana juyawa, iska tana fita ta bakin kan lezar, ka daidaita tsayin kan da kayan, ka danna Frame ka ga ya zagaya inda kake so, sannan ka tayar da injin da hannunka. Akirilik yana kamawa da wuta cikin ƙiftawar ido, na ga harshen wuta ya taso ƙarƙashin faranti ina tsaye a wurin, hannuna na kan murfi na tsayar da shi. Da ina ɗaya ɗakin ina kallon allo, da wani labarin ake yi. Ranka da na abokan aikinka amana ne a wuyana, kuma ranar da na ga injin yana yanka babu kowa a gabansa, ranar zan zare kebul ɗin mu koma filasha.

Filashar ma kada ka yar da ita. Ranar da aka ɗauke wuta rauta ta yi gardamar tashi, ita za ta fisshe mu.

Gobe in Allah Ya kai mu, kafin ka buɗe shago, ka biya ta titin Beirut ka sayo Cat6 mita 25, da kawunan RJ45 da ake matsewa a bakin kebul guda goma, da ƙaramin suwic mai rami biyar saboda ramukan rautarmu sun cika. Ka ce na jan ƙarfe zalla kake so. Ka kankare bakin waya ɗaya da reza a gaban mai shagon, in cikinta ya fito fari to alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, ka mayar masa. Za mu bi da shi ta saman bango cikin bututun roba, nesa da wayar janareta, don ɓera da ƙurar hunturu. Kan farko ni zan matse kana kallo, na biyun kai za ka matse.