Yaya ake ƙiyasta mutanen da za a shayar nan da shekara 50?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a fannin injiniyan ruwa. Na ji cewa a jihar Texas ta Amurka ana tsara ruwan kowace gunduma har na shekara 50 masu zuwa. Ta yaya ake lissafin mutanen da ba a ma haife su ba? Ba yawan na yau ake ɗauka a yi ta ƙara masa kaso kaza duk shekara ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hanyar da ka ambata tana raka mutum shekara biyar ko goma, amma in tafiya ta yi nisa sai ta yashe shi a hanya. Ƙarin kashi 3 cikin 100 duk shekara yakan ninka jama'a cikin kimanin shekara 24, ya ninka su sau huɗu a shekara 48, kuma da wuya gari ya ɗore a kan wannan gudun. Ga shi Texas gundumomi 254 gare ta. Harris, inda birnin Houston yake, ta haura mutum miliyan 4.7 a ƙidayar 2020, ita kuwa Loving mutum 64 kacal aka samu. Riga ɗaya ba za ta yi musu duka ba.

Abin da ake yi shi ne a kasa mutanen gunduma rukuni-rukuni bisa shekaru da jinsi. Sai a bi kowane rukuni: nawa za su kai baɗi, mata masu shekarun haihuwa 'ya'ya nawa za su haifa, nawa za su tashi, nawa za su tare. Haihuwa da mutuwa ba su cika ba da mamaki ba, a hankali suke sauyawa. Ƙaura ce ke rikita lissafi. Dubi gundumar Williamson da ke arewa da Austin: mutum kusan 250,000 a 2000, sama da 609,000 a 2020. Haihuwa kaɗai ba za ta kawo wannan ba, baƙi ne suka biyo aiki da gidaje. Shi ya sa akan fitar da ƙiyasi fiye da ɗaya, wani a kan cewa ƙaura za ta ci gaba yadda take, wani a kan rabin haka. Ni dai in aka kawo mini adadi guda tilo, ba na sakin jiki da shi.

Idan an samu yawan mutane, sai a ninka shi da galan nawa mutum ɗaya ke ci a rana, kuma da shekarar fari, wato ta ƙarancin ruwan sama, ake aunawa, lokacin da kowa ke ban ruwan lambunsa. A cikin wannan kason har da shaguna da makarantu da ruwan da ke yoyo a tsofaffin bututu.

Masana'antu kuwa kwaryarsu daban, domin ba sa bin yawan kawuna. A 2021 Samsung ya sanar da gina masana'antar ƙananan na'urorin kwamfuta a Taylor, wani ƙaramin gari a Williamson ɗin nan, kuma irin wannan aiki ruwa yake sha ba kaɗan ba. Babu rajistar haihuwar da za ta nuna maka zuwansa. Dole a duba rahoton ruwan da kamfanoni ke amfani da shi, a kuma ji ta bakin mahukuntan gari.

Wani abu da ɗalibai kan tsallake: tsarin ruwan jihar na 2022 ya yi hasashen jama'a za ta tashi daga miliyan 29.7 a 2020 zuwa 51.5 a 2070, ƙarin kashi 73, amma buƙatar ruwa gaba ɗaya kashi 9 kawai za ta ƙaru. Dalili shi ne ruwan noman rani zai ragu yayin da na birane ke hawa.

Su ma masu lissafin sun san za su yi kuskure. Bisa wata dokar tsara ruwa ta 1997 aka raba jihar yanki 16, kuma duk shekara biyar ake sake zama a gyara alƙaluman.