Amsa ga Mai Koyon Aiki a kan Narkakken Gishiri Mai Sarƙar Folima

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa muke wahalar da kanmu da wannan narkakken gishiri mai sarƙar folima (wato dogon sinadari mai sassa iri ɗaya a jere kamar sarƙa) a matsayin ruwan da muke haɗa sinadarai a cikinsa, alhali ga ruwayen da aka saba da su, toluwin da daikuloromiten nan masu sauƙin zubawa, ka kuma ce kana shakkar ko da gaske ne ya fi su sauƙin illa ga muhalli. Shakkarka tana kan hanya, saboda haka ka saurara da kyau.

Gishirin girki ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Salshiyas, domin ƙwayoyinsa masu caji ƙanana ne, suna riƙe juna gam. Idan ƙwayoyin suka zama manya masu karkatacciyar siffa, irin su imidazoliyam, sai su kasa jeruwa, gishirin ya zama ruwa kafin digiri 100. Tun 1914 masanin sinadarai Paul Walden ya bayyana wani gishiri da ke narkewa a digiri 12, amma sai a 1992 masana Wilkes da Zaworotko suka fito da waɗanda ke jure iska da laima. Falalarsu ita ce kusan ba sa tashi su bi iska, saɓanin daikuloromiten da ke tafasa a digiri 40 ya cika maka huhu.

Sai dai wannan kaɗai bai isa a wanke su daga zargi ba. Da yawansu guba ne ga halittun ruwa, musamman masu doguwar jelar kabon, ba sa saurin ruɓewa, kuma masu ɗauke da PF6, wata ƙwaya mai caji ta fosfaras da fuloro, suna iya sakin asid mai cin gilashi idan suka daɗe da laima. Wanda ya yi aiki da irin wannan sau ɗaya ya zubar, a ganina ya fi mai toluwin ɓarna.

Abin da ya sa muke ɗaure gishirin a jikin sarƙar PEG, wato folimar da ake kira foliyetilin gilaikol, ke nan. PEG ba ta da guba sosai, har a magunguna ana sa ta, amma abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne yadda take dawo mana da kayanmu. Ka lura da tulun gilashin idan an ɗora shi a wuta: irin da muke amfani da shi yakan gauraye da ɗan toluwin su zama ruwa guda, haɗin ya tafi da sauri, da zarar ya huce kuma sai ka ga layi ya fito a tsakiya, abin da muka haɗa yana sama, gishirin yana ƙasa riƙe da faladiyam ɗinmu mai tsada, ƙarfen da ke hanzarta haɗin. Ka tsiyaye na sama, ka sake zuba sabbin kaya a kan na ƙasa. Toluwin bai fita daga aikin gaba ɗaya ba, an dai rage shi, kuma kada ka gaya wa kowa akasin haka.

Maimaitawar ba ta yiwuwa sai da kula. Ruwan yana da kauri kamar zuma, don haka ka ɗumama shi, ka ƙara ƙarfin motsawa, in ba haka ba kayan ba za su sadu da juna ba. PEG tana jan laima daga iska, dole ne ka busar da shi da famfon zuƙe iska kafin kowane zagaye. Sauran kuloraid da ya rage daga haɗa gishirin yana iya kashe ƙarfin faladiyam, saboda haka ka narkar da ɗan kaɗan a ruwa, ka ɗiga masa silba naitiret, sinadarin da ke nuna ko akwai kuloraid. Idan ya yi fari-fari, a koma a sake wankewa. A kowane zagaye ka rubuta nauyin abin da ka samu, ka kuma aika samfuri a auna ƙarfen da ya zurare cikinsa, domin ta nan ne za mu san ranar da gishirin ya gaji.