In Jirgi Ya Ƙi Tashi, Madugu Ake Kallo

Ɗana, saƙonka ya iso ni da daddare, na bar shi sai da safe domin amsarsa ba ta tsaye ba ce. Ka ce wannan ne karo na farko da za ka ja ayari kai kaɗai zuwa Umara, mutum arba'in da ɗoriya, kuma abin da ke hana ka barci shi ne: "Maigida, in aka ɗage tashin jirgi ko aka soke shi ɗungurungum, ga jama'a sun zuba mini ido, da me zan fara?" Na ji daɗin tambayar. Yaran da suka riga ka zama a ofishin nan, yawancinsu kuɗin otal suke fara tambaya.

Cire "in" ɗin nan daga bakinka. Za a ɗage, ko a tafiya ko a dawowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kaɗai ya isa ya hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano, kuma jirgin da bai sauka ba ba zai ɗauke ku ba. Wani lokaci a Jidda ne ba a ba shi lokacin sauka ba. Wani lokaci kana ganin jirgin da idonka ta gilashi, lafiyarsa ƙalau, amma matuƙan sun cinye awannin aikin da doka ta yarje musu, dole su je su yi barci. Ga kuma manyan da ba mai hango su. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da shigowar masu Umara saboda korona, wasu suna filin jirgi da jakunkunansu suka ji labari. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazanmu na shekarar suka koma zagaye, tafiyar ta ƙaru da awanni. A Afrilun 2024 ruwan sama ya cika filin jirgin Dubai, mutanen da suka ya da zango can suka yi kwanaki a kan tayil.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin mu kai ga kantar kamfanin jirgi bari in ba ka labarin wautata. Farkon shigata harkar nan na samu wata rahusa da ta ruɗe ni. Na yanka wa mutum goma sha biyu tikitin cikin gida daga Kano zuwa Legas a kamfani ɗaya, na yanka na waje a wani kamfanin daban, tazarar awa huɗu tsakani. A lissafina na ci riba. Ranar tafiya muka wayi gari da hazo, ko bishiyar da ke bakin titi ba ka gani sosai. Ba mu bar Kano ba sai bayan la'asar. Da muka isa Legas na tsaya gaban wata ma'aikaciya ina zuba bayani, ta bari na gama, ta ce ita abin da kwamfutarta ta nuna shi ne ba mu zo ba. Kuma gaskiyarta. Tikitinmu biyu ne da ba su san juna ba, wanda bai hau jirgin tafiya ba kuwa har kujerarsa ta dawowa ake sokewa. Filin da na saya don gina gida, shi na sayar na kai mutanen nan Makka.

Saboda haka duk zangon da za ku ya da, a Alƙahira ne, ko Adis Ababa, ko Doha, ya zama bukin ɗaya, wato tikiti guda, tun daga Kano har Jidda ko Madina. In jirgin farko ya makara kuka rasa na biyu, nauyin sama muku wani yana wuyan kamfani. Kada kuma ka yi kwaɗayin zango gajere. Awa ɗaya da rabi ta ishi ɗan kasuwa mai jaka guda, amma ba ta isar ayarin da ke da tsofaffi uku a keken turawa da kuma hajiyar da sai ta sake alwala.

Ka bi jakar hannun kowa da kanka, kar ka wakilta. Magani a ciki, musamman na suga da hawan jini, na kwana uku aƙalla. Harami a ciki, da kaya kala ɗaya, da caja, da ɗan abin taɓawa kamar dabino. Babbar jaka in ta wuce awo ta tafi ke nan, ko kwana biyu za ku yi a wurin da wuya a fito muku da ita. Kai kuma ka riƙe takarda mai sunan kowa da lambar fasfonsa da ciwonsa da lambar wani nasa a gida, a rubuce, domin waya tana mutuwa. Da kuɗi a hannu, dala da riyal, waɗanda ba ka lissafa su cikin riba ba.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba madugu kaɗai ke tafiyar da ayarinsu ba, akwai jagaba mai shige gaba, akwai uban dawaki. Kai ma tun a Kano ka zaɓi mutum biyu masu natsuwa, da mace ɗaya da mata ke jin maganarta. Akwai abin da dattijuwa ba za ta taɓa faɗa maka ba ko za ta mutu, amma za ta raɗa wa 'yar'uwarta.

To, ga allo ya canza, an rubuta jinkiri. Zaunar da jama'arka wuri ɗaya kusa da banɗaki da wurin salla, ka bar su da mataimakanka, ka tafi kanta kai kaɗai da takardarka da lambar bukin. Mutum arba'in a kan ma'aikaci ɗaya ba abin da suke haifarwa sai a kira jami'an tsaro. Kana cikin layi ka kira mu a ofis mu ma mu shiga nema ta kwamfuta, domin kujerun jirgi na gaba a wannan awar ake rabe su, kuma ba ku kaɗai ke nema ba. In ka isa gaba kada ka tambayi ƙarfe nawa za a tashi, shi ma abin da ke allo zai karanto maka. Tambaye shi ina jirgin yake yanzu. In ya ce bai baro inda yake ba, ka lissafa da kanka. Manhajar Flightradar24 ma za ta nuna maka shi a wayarka. Ka yi magana da ladabi, ka kira shi da sunan da ke ƙirjinsa. Tun asuba ake zaginsa, kuma a hannunsa kujerun suke.

In sokewa ce, da wuya a samu kujera arba'in a jirgi guda, za a ce a raba ku. Karɓa, amma kai za ka yi rabon. Miji da matarsa ba sa rabuwa, tsoho da mai kula da shi ba sa rabuwa, kowane kashi da mai iya karanta allo da waya mai aiki. Marasa lafiya a kashin farko. Kai a na ƙarshe, ko da kwana za ka ƙara. Za su iya yi maka tayin mayar da kuɗi. Kada ka sa hannu kafin ka kira ni, domin a lokacin cunkoso kuɗin da za a mayar ba zai sayi sabon tikiti ba, kuma da ka karɓa kamfani ya wanke hannunsa.

Ka san haƙƙinka, amma ka nema a hankali. A filayen jirgin Saudiyya ƙa'idarsu ita ce abin sha bayan awa ɗaya, abinci bayan awa uku, masauki bayan awa shida. A gida ma hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, tana da jami'an karɓar koken fasinja a manyan filaye. In yanayi ne ya jawo, kada ka sa ran diyya. Ko mene ne dalili dai, ka sa su ba ka takarda mai hatimi da ke nuna an yi jinkirin, ka adana katin shiga jirgi da rasit na duk abin da ka kashe. Daga nan ka kira otal ɗin Makka da mai mota. Ɗakin da ba a zo ba kuma ba a kira ba, a azumi, kafin gari ya waye an ba wani. Ka duba lokacin da aka ba mutanenka na shiga Rauda a manhajar Nusuk, ka duba ranar ƙarewar biza.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne komawa wurin jama'a. Zuciyarka za ta ce ka ce musu "yanzun nan za mu tashi" don su yi shiru. Kada ka kuskura. Ka faɗa sau biyu bai tabbata ba, na uku ko Alƙur'ani ka dafa ba mai yarda. Faɗa musu abin da aka gaya maka, da abin da ba a gaya maka ba, ka ce za ka dawo bayan awa ɗaya, kuma ka dawo ko da hannu rabbana. Mutanenmu suna da haƙuri da ƙaddara, abin da ba sa jurewa shi ne su waiga su rasa madugu. Nan take wani zai ce ejan ya gudu da kuɗi, kafin ka fito daga banɗaki maganar ta isa zauren WhatsApp na dangi a Kano. A kowane ayari akwai alhaji ɗaya da ya je Makka sau bakwai, ya fi ka sanin komai, muryarsa ta fi ta kowa. Kada ka yi musu da shi. Ba shi aiki: "Alhaji, don Allah kai ka fi mu sanin wurin nan, riƙe mana rabon abinci." Za ka sha mamaki.

Sai maganar harami, wadda ban so ka koye ta yadda na koya. Wani dattijo a ayarina, saboda ɗoki, ya ɗaura harami ya yi niyya ya fara talbiyya tun a zango, kafin a kira shiga jirgi. Aka soke tashin. Kwana biyu ya yi cikin sanyin na'urar filin jirgi da ƙyalle biyu, kai a buɗe, ba dama ya sa riga ko hula. Na gan shi ya takure a kan kujerar ƙarfe, ya cusa tafukansa a hammata, leɓɓansa na rawa, yana ce mini "ba komai ɗan nan, lada ne." Mun isa Makka da shi yana tari. Tun daga ranar nake tara maza in ce su ɗaura ƙyallen in suna so, amma niyya sai jirgi ya tashi ya kusa miƙati. Wanda zai fara sauka Madina ma ba ruwansa da wannan, sai ranar fita ya ɗauka a Zul Hulaifa. Ƙasaru da haɗa salla da ajiye azumi ga matafiyi kuwa, in akwai malami a ayarin bar shi ya yi bayani, in babu ka kira wanda suka yarda da shi a waya. Kai ba fatawa aka ɗauke ka ba, amma mai ciwon suga da ya nace da azumi a jinkirin awa goma, kai za ka ɗauke shi in ya faɗi.

Dawowa ta fi tafiya zafi. Guzuri ya ƙare, jiki ya gaji, kaya sun ninka, kowa zuciyarsa na gida. Kada ka sauke mutane daga otal ka miƙa makullai sai ka tabbatar jirginku ya kamo hanya. Gara ka roƙi mai otal ya ƙara muku rabin yini da ka zube tsofaffi a Jidda da galan ɗin Zamzam mai lita 5 a gefen kowa. In kun sauka jakar wani ba ta fito ba, a cike takardar ɓatan kaya kafin ku bar filin. A yarjejeniyar sufurin jiragen sama ta ƙasa da ƙasa, ta Montiriyal ta 1999, koken jakar da ta lalace kwana 7 gare shi, na wadda ta makara kwana 21 daga ranar da aka miƙo ta, kuma a rubuce.

Gobe bayan la'asar ka zo da tikitocin gaba ɗaya da takardar sunaye. Na hango a jerin da ka turo akwai mutum uku da suka sayi nasu tikitin Abuja daban, ina so mu gyara wannan kafin Alhamis.