Amsoshin Wasiƙun Masu Dawaki: Dusa, Ciwon Ciki da Mikin Sirdi

Wasiƙun da suka taru a wannan karo yawancinsu na masu dawaki ne, kuma kusan kowace da tambaya iri ɗaya take ƙarewa, wato wace allura ko wane magani za a saya. Zan fara da wadda ta fi damuna, domin matsalar da ke cikinta ta shafi barga da yawa.

Wani Alhaji ya rubuto cewa yana da ingarma ɗan shekara shida, yana ba shi dusa cike da daro safe da yamma haɗe da hatsi, ciyawa kuwa sai abin da ya samu. Dokin ya yi ƙiba, amma sau biyu yana kamuwa da ciwon ciki, kwanan nan kuma fuskarsa ta kumbura tsakanin ido da hanci, yana ɗingishi yau da wannan ƙafa gobe da waccan. An yi masa allurai masu tsada, babu sauƙi.

Ranka ya daɗe, ciwon dokinka a cikin daron nan yake, kuma babu allurar da za ta warkar da shi muddin ana ci gaba da cika daron. Kana kiwon doki ne kamar yadda ake turke sa don ƙiba, alhali cikin doki da na sa ba ɗaya ba ne. Tumbin doki ƙarami ne, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, kuma doki ba ya amai, saboda haka duk abin da ya shiga dole ya bi ta hanji ya fita. Idan aka sake shi a fili yakan shafe kusan awa 16 a rana yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, babban hanjinsa kuma, inda wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ke narkar da ciyawar, da irin wannan ci ya saba. Idan aka zuba masa hatsi mai yawa a lokaci guda, ƙaramin hanji ba ya iya narkar da sitacin duka, sai ragowar ta gangara babban hanji ta yi tsami, ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa su mutu, iska ta taru. Daga nan ciwon ciki ke tasowa. Daga nan kuma kumburin cikin kofato ke zuwa, wanda za ka ga doki ya miƙe ƙafafunsa na gaba ya jingina nauyinsa a na baya, kofato ya yi zafi, ya ƙi takawa. Wanda ya taɓa ganin doki a wannan tsayuwa ba ya sake wasa da buhun hatsi.

Kumburin fuskar da ɗingishin da ke yawo daga ƙafa zuwa ƙafa kuwa sun fi kama da aikin dusa, ko da yake likitan dabbobi ne zai tabbatar bayan ya duba shi. Ƙashi yana bukatar sinadarin kalsiyam ya rinjayi sinadarin fosforas a cikin abinci, kamar kashi ɗaya da rabi zuwa biyu na kalsiyam a kan kashi ɗaya na fosforas. A dusa abin a juye yake, domin a dusar alkama fosforas ya kai kusan ninki goma na kalsiyam, hatsi ma fosforas ɗinsa ya fi yawa. Idan doki ya yi watanni a kan wannan abinci, jikinsa yakan riƙa zare kalsiyam daga ƙashi don ya cike giɓin da ke cikin jini, ƙashin fuska ya yi laushi ya kumbura, haƙora su fara girgiɗi, gaɓoɓi su yi ciwo, wani lokaci ma ƙashi ya karye a kan ɗan tsallen da bai kai ya kawo ba. Ƙibar da kake gani tana ruɗarka ne.

Ga abin da za ka yi. Ka daina hawansa tun daga yau. Ciyawa ce za ta zama tushen abincinsa, kuma ƙa'idar ita ce busasshiyar ciyawa mai nauyin kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyin jikinsa a kowace rana, wato kilo 6 zuwa 8 ga doki mai kilo 400. Ka haɗa da harawa mai kyau, domin ganyen wake da na gyaɗa suna da kalsiyam mai yawa. Ka rage dusar sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 14, kamar yadda ake yin kowane canjin abinci ga doki, har ta koma ɗan abin da ake yayyafawa don ɗanɗano. Idan ya warke ya koma aiki har yana bukatar hatsi, kada ciyarwa ɗaya ta wuce kilo 2, kuma gara a raba sau uku da a raba sau biyu, a kuma fara ba da ciyawa kafin hatsin. Likita zai auna maka garin kalsiyam da za a ƙara masa. Gyaran yana ɗaukar watanni, kumburin fuskar ma ba lalle ya koma gaba ɗaya ba, amma ɗingishin yakan tafi. Tun da muna kan maganar abinci, duk hatsin da ya yi fumfuna a zubar da shi, musamman masara, domin dafin da ke cikin ruɓaɓɓiyar masara yana lalata ƙwaƙwalwar doki, kuma wanda ya kamu da wuya ya tashi.

Wani Malam ya tambayi abin da ya kamata ya yi idan ciwon ciki ya kama doki da dare, ya ce shi dai ya saba ɗaga kan dokin ya yi masa ɗurar mai.

Malam, ka bar ɗurar nan. Na faɗa a baya, zan kuma sake faɗa: dokin da aka ɗaga kansa sama ba ya iya haɗiya yadda ya kamata, mai kuma ba ya sa shi tari sosai, sai ya zarce huhu, ciwon cikin ya lafa amma ciwon huhu ya kashe shi bayan 'yan kwanaki. Idan akwai bukatar zuba masa mai ko ruwa, likita ne ke zura roba ta hanci har tumbi. Naka aikin shi ne ka gane ciwon da wuri. Doki zai ƙi abinci, ya riƙa tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen kwiɓinsa, yana kwanciya yana tashi, yana gumi ba tare da ya yi aiki ba. Ka kwashe abincin da ke gabansa, ka duba ko ya yi kashi da yadda kashin yake, ka ɗaga leɓensa ka ga launin dasashi, ka kuma ƙirga bugun zuciyarsa ta jijiyar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi. Lafiyayyen doki a tsaye yana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya, zafin jikinsa kuma digiri 37.5 zuwa 38.5. Idan bugun ya haura 60, ko dasashi ya yi ja wur ko ya yi duhu, lamarin ya wuce na gida. Za ka iya jan sa a hankali yana tafiya idan hakan na hana shi birgima, amma kada a kore shi da bulala har ya galabaita. Kada kuma ka yi masa allurar kashe zafi kafin ka yi magana da likita, domin tana rufe alamomin da zai duba ya gane ko hanji ya murɗe.

Ga mai tambayar ko gaskiya ne ba a ba dokin da ya yi gumi ruwa: ba gaskiya ba ne, ka bar shi ya sha, ka kuma kwarara masa ruwan sanyi a wuya da ƙirji da ƙafafu har numfashinsa ya daidaita. Binciken da aka yi gabanin wasannin Olamfik na Atlanta a 1996 ya nuna cewa ruwan sanyi ba ya cutar da dokin da ya ɗauki zafi. Doki yana shan lita 20 zuwa 40 a rana, fiye da haka ma a lokacin zafi ko aiki, kuma ƙarancin ruwa na cikin manyan dalilan toshewar hanji.

Wata Hajiya mai kiwon shanu da dawaki a wuri ɗaya ta ce kaska ta addabi goɗiyarta, tana so ta yi mata wanka da maganin da take yi wa shanu.

Hajiya, ki karanta jikin kwalbar kafin ki buɗe ta. Idan kika ga an rubuta amitraz, ki nisanta shi da goɗiyar, domin a jikin doki yana tsayar da motsin hanji har ya toshe, dabbar ta riƙa layi, wani lokaci ta mutu. Haka nan abincin shanu ko na kaji da aka sarrafa, wasunsu suna ɗauke da wani magani mai suna monensin, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki. Abin da ya halatta ga saniya ba dole ya halatta ga doki ba, kuma mai sayar da magani ba kullum yake faɗin haka ba. Kaskar goɗiya ɗaya ba ta bukatar tankin wankan magani irin na shanu: a duba ta kullum lokacin shara, a cikin kunne, ƙarƙashin wutsiya, tsakanin cinyoyi da gindin geza, a cire da hannu daga tushe, sannan a nemi maganin da aka rubuta cewa na dawaki ne.

Akwai wanda ya ce yana ba dokinsa maganin tsutsa duk wata amma bai ga canji ba. Ɗan'uwa, kuɗinka kake zubarwa, kana kuma koya wa tsutsar jure magani, abin da ya riga ya faru da maganin tsutsa mai suna fenbendazole a ƙasashe da yawa. A kai kashin dokin a duba yawan ƙwan tsutsa kafin a ba da magani, a kuma kwashe kashi daga barga kullum, daga wurin kiwo kuma aƙalla sau biyu a mako. Maganin tsutsa na ivermectin kuwa, na baki ake ba doki, ba allurar shanu ba, kuma ba ya kashe tsutsa mai faɗi sai an haɗa da praziquantel. Yawancin masu dawaki da ido suke ƙiyasta nauyi, su ba da ƙasa da ƙima. Ka auna kewayen ƙirji a bayan ƙafafun gaba da santimita, ka ninka lambar da kanta, ka ninka da tsawon jiki daga ƙashin kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, sannan ka raba da 11,877. Ƙirji 170 da tsawo 155 zai ba ka kusan kilo 377. Idan tsutsa ba ta da yawa amma doki na ramewa, a duba bakinsa, domin turamen haƙoransa suna yin kaifi a gefe su yanki kunci da harshe, har ka ga yana zubar da dunƙulen ciyawar da ya tauna rabi. Goge haƙoran sau ɗaya a shekara yakan wadatar.

Mai tambaya a kan mikin da ya ƙi warkewa a gadon baya ya lissafa mini mayuka huɗu da ya saya, bai ce komai a kan sirdin ba. Miki ba zai rufe ba muddin abin da ya jawo shi yana komawa kansa kowace yamma. Ka sauke sirdi har fata ta haɗe gashi ya fara tsirowa, ka riƙa wanke wurin da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, ka kare shi daga ƙuda. Kafin ka sake hawa, ka ɗora sirdin a bayansa ba tare da shimfiɗa ba ka duba: kada ya taɓa ƙashin baya ko tudun kafaɗa, ya kamata yatsu biyu zuwa uku su shige tsakaninsu ko da mahayi na zaune. Tara shimfiɗu a ƙarƙashin sirdin da ya matse ƙara matsi yake yi. Shimfiɗar da gumi da ƙasa suka bushe a kanta ita ma tana cin fata, haka majayin da aka ɗaure a kan datti. Farin gashin da ke fitowa a wurin zaman sirdi shaida ce ta tsohon matsi. Nauyin mahayi da kayan hawa gaba ɗaya kuma kada ya wuce kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin.

Ga mai tambayar ko zai fara hawan duƙushinsa: duƙushi ɗan wata goma sha takwas bai isa hawa ba. A saba masa da ragama, da ɗaga ƙafa, da tafiya a hannu, a jira ya kai shekara uku kafin hawa mai sauƙi, domin ƙasusuwan bayansa ba sa gama ƙwari sai wajen shekara biyar zuwa shida.

Wasiƙa ta ƙarshe daga wani matashi ce da dokinsa ya taka ƙusa, ya cire ta ya toshe ramin da toka, yana tambaya ko shi ke nan. Ba shi ke nan ba, ɗana. Ƙwayar cutar tetanus, wato ciwon da ke sandarar da jiki, tana zaune a ƙasa da cikin kashin dabbobi, rami mai zurfi wanda iska ba ta shiga shi take so, doki kuma na cikin dabbobin da ta fi saurin kashewa. Ka kira likita yau ya buɗe ramin, ya wanke, ya ɗaure, ka nuna masa daidai inda ƙusar ta shiga da zurfinta, domin idan a tsakiyar tafin kofato ne tana iya kaiwa ga jijiya ko gaɓa. Idan ba a taɓa yi wa dokin riga-kafi ba, yana bukatar allurar kariyar gaggawa nan take, sannan a fara riga-kafin da allura biyu, tsakaninsu mako 4 zuwa 6, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara. Cikin makonni uku masu zuwa ka sa masa ido: idan wuya ya sandare, kunnuwa suka miƙe ƙyam, wutsiya ta ɗaga, baki ya ƙi buɗuwa, ko wata fata ta riƙa rufo ido daga gefen hanci idan ya firgita, ka sa shi a ɗaki mai duhu inda babu hayaniya ka sake kiran likitan ba tare da jiran wayewar gari ba.