Ni mai son kallon tsuntsaye ne a Maraɗi, da me zan taimaka musu?

Malam, ka ce aljihunka ba nauyi amma kana son taimakon tsuntsaye da mazauninsu. Ka fara da itace. In kuna da gona, kada a tumɓuke tohon gawo da kalgo lokacin sassabe. A bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. Wannan sassaben zamani a yankin Maraɗi aka fara yaɗa shi tun 1983. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya tsare wa hatsi rana, da rani kuma tsuntsayen da suka tsallako hamada daga Turai suna samun ƙwari da inuwa a cikinsa.

In ka je tafkin Madarumfa, wanda ya shiga jerin wuraren Ramsar, wato wurare masu dausayi da duniya ta amince da muhimmancinsu, a 2019, tsaya nesa da garken tsuntsaye. Duk tashin da ka sa suka yi, ƙarfin tafiya ka rage musu. Rubuta abin da ka gani, da rana da wuri da adadi, ka saka a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke tara bayanansu, kyauta ne.

Sai ungulu. A ganina ita ta fi shamuwa bukatar kariya, domin shamuwa mutane na murna da zuwanta, ita ko ungulu ana kashe ta don tsubbu, tana kuma mutuwa in ta ci mushen da aka sa wa guba. In ka ga haka, sanar da jami'an gandun daji.

Yaran unguwa masu danƙo kuwa, faɗa ba ya hana su. Ba su aron madubin hangen nesanka, ka sa su ƙirga maka sheƙar shamuwa.